Nisan Kano Zuwa Jidda Da Tsawon Lokacin Tafiya A Jirgin Sama: Bayani Ga Maniyyata Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

A duk shekara idan lokacin jigilar alhazai ya gabato, akwai tambayoyi guda biyu da jama'a ke yawan yi wa jami'an alhazai na ƙananan hukumomi da dagatai da masu unguwanni. Ta farko ita ce, mene ne nisan da ke tsakanin Kano da Jidda? Ta biyu kuma, awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka? Amsar ta farko guda ɗaya ce, ba ta canzawa. Ta biyun kuwa takan bambanta daga shekara zuwa shekara, har ma daga jirgi zuwa jirgi, kuma rashin sanin dalilin haka shi ke jawo zaman zullumi a gidaje da yaɗuwar jita-jita a kasuwannin ƙauye, wani lokaci ma har maniyyaci ya rasa jirginsa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wannan bayani dalla-dalla, domin waɗanda ke kusa da jama'a su sami abin da za su isar.

Nisan da ke tsakani

Daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka miƙe ba karkata, akwai kimanin kilomita 3,400. Idan kuwa Madina za a sauka kai tsaye, nisan ya ƙaru zuwa kimanin kilomita 3,550. Sauran filayen da ake ɗibar alhazai a ƙasar nan kowanne da nasa: Maiduguri, da yake ta fi mu kusa da gabas, kimanin kilomita 3,000 ne tsakaninta da Jidda, Sakkwato kimanin 3,700, Legas kuwa kimanin 4,200. Don haka idan alhajin Borno ya ce shi jirginsu bai cika awa huɗu ba, na Legas kuma ya ce sun haura awa biyar, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Lamba kawai ba ta cika nuna wa mutum girman abu ba sai an gwada masa da abin da ya sani. Mai tafiyar ƙasa da ke cin kilomita 30 a kowace rana, ba hutu ba jinya, zai yi kwana 113 kafin ya cinye wannan nisa, wato wata huɗu ba kaɗan. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa za ta yi fiye da awa 42 ba tare da ta tsaya shan mai ba, wannan ma in da akwai titi miƙaƙƙe, kuma in da babu teku a gaba.

Miƙaƙƙiyar hanyar tana tashi daga Kano ta nufi gabas tana ɗan karkatawa arewa. Tana ratsa sararin Jigawa da Yobe, ta gogi gefen Jamhuriyar Nijar wajen Diffa, ta wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ta keta ƙasar Chadi gaba ɗaya, sannan ta shiga Sudan ta arewacin Darfur. Daga nan ta tsallake Kogin Nilu arewa da Kartum, ta isa gaɓar Bahar Maliya. Tsallake tekun ba ya wuce tafiyar minti 20 ko makamancin haka. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar a sararin samaniyar Sudan yake, kuma za mu dawo kan muhimmancin wannan. Wani abin lura kuma, wannan fuskar da jirgi yake nufa kusan ita ce alƙiblar masallatanmu na Kano, domin Makka ba ta da nisa da Jidda.

Ba yau mutanenmu suka san wannan hanya ba. Kafin zuwan jirgin sama, ayarin alhazai kan bi ta Borno su shiga Wadai, su yada zango a Abeshe, su wuce Alfashir da Al'ubayyid da Umdurman, har su isa Sawakin a bakin teku, inda suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa noma ko ƙodago domin neman guzurin gaba, wasu kuma zama ya kama su a can har abada. Wannan na cikin asalin ɗimbin Hausawa da Fulanin da ke Sudan, haɗe da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno. Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano ma, a watan Nuwamba na 1925, daga Masar suka taso, suka yi kwanaki suna yada zango a Sudan da Chadi. Sai daga shekarun 1950 ne jirgin sama ya fara zama hanyar alhazan ƙasar nan sosai.

Awa nawa ake yi a sama

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, wato kimanin kilomita 15 a kowane minti. Tafiyar Kano zuwa Zariya ke nan a cikin minti goma. Idan aka raba kilomita 3,400 da wannan gudu, za a sami abin da bai cika awa huɗu ba. To amma jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 yana hawa har ya kai tsawon mita 10,000 zuwa 12,000, haka kuma yakan fara sassautawa da saukowa kimanin rabin awa kafin ya isa. Bugu da ƙari, jirage ba sa bin miƙaƙƙen layi yadda suka ga dama. Akwai hanyoyi sanannu a sama waɗanda masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa suke ba da izinin bi, kuma suna da 'yan kwane-kwane. A lokacin aikin Hajji kuma filin Jidda yakan cika, har a ce wa jirgi ya yi ta kewaye yana jiran layinsa. Idan aka haɗa duka, daga tashi zuwa sauka, abin da ya kamata a sa a rai shi ne kimanin awa huɗu da rabi, matuƙar an bi ta miƙaƙƙiyar hanya.

Iska ma tana da nata rabon. A can saman da jirage ke bi akwai iska mai ƙarfi wadda ba ma jin ta a ƙasa. A lokacin sanyi ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas a kan Sahara da ƙasar Larabawa, sai ta tura jirgin da ya nufi Jidda, ta kuma tare wanda yake dawowa. Da damina kuwa akwai wata da ke tasowa daga gabas ta bi ta saman Sudan da Chadi, sai lamarin ya juye. A matsayin misali, idan iska tana gudun kilomita 80 a awa, jirgin da take turawa zai riƙa cin kilomita 950, wanda take tarewa kuma 790, kuma a nisa irin namu wannan bambanci ya kai minti 40 tsakanin zuwa da dawowa.

Agogon Kano da agogon Saudiyya

A nan ne mafi yawan ruɗani yake. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, a kowane lokaci na shekara. Dalili kuwa shi ne duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kammala zagaye guda na digiri 360 a cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. Tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da ɗoriya, saboda haka rana tana kaiwa tsaka a can kimanin awa biyu kafin ta kai a nan. Lokacin da ake kiran Azahar a Makka, mu hantsi ne a wurinmu.

A takardar tafiya kuwa, ana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda da ƙarfe 4:30 na asuba agogon can, sai mai karatu ya ga kamar awa shida da rabi aka yi, alhali a gida ƙarfe 2:30 ne na dare. Wanda ya bar Jidda da ƙarfe 10 na dare kuma zai sauka Kano da ƙarfe 12:30 agogonmu, sai a ga kamar awa biyu da rabi kacal. Daga nan ne maganar nan ta samo asali, wai dawowa ta fi zuwa sauri saboda gangara ce, ko kuma saboda ƙasa tana juyowa ta tari jirgi. Babu gangara a sama, kuma iskar da jirgi ke tafiya a cikinta tare da ƙasa take juyawa. Awa huɗu da rabin nan dai su ne, agogo ne kawai ya sauya.

Wannan bambanci ya shafi lokutan salla. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, don haka lokuta sukan matso da juna. Idan aka tashi daga Kano da ƙarfe 2 na rana, za a sauka da 8:30 na dare agogon Jidda, ke nan La'asar da Magariba duk sun shiga ana sama, Isha'i kuma ta yi ko ta kusa. Hukuncin yadda za a yi waɗannan salloli, da batun wurin ɗaura harami, aikin malaman bita ne, kuma muna jan hankalin jami'ai da su tabbata an tattauna su tun kafin a shiga sansanin alhazai. Abin da ya rataya a wuyan jami'i shi ne ya sanar da maniyyaci inda jirginsa zai sauka da inda za a wuce da shi, domin wanda zai fara da Madina sai ya zo barin ta zai ɗaura harami a Zul-Hulaifa, wanda kuwa za a wuce da shi Makka daga Jidda yana bukatar ya san matsayinsa tun kafin ya hau jirgi.

Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan haɗari, kuma daga al'adarmu ta lissafin kwanaki yake. Kamfanonin jirage suna rubuta lokaci da lissafin awa 24: 14:00 ita ce ƙarfe biyu na rana, 22:00 ƙarfe goma na dare, kuma sabuwar rana tana farawa da 00:00, wato sha biyun dare. Jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar Talata, ranar Litinin da daddare zai tashi. A wurin dattawanmu dare shi ke gaba da yini, shi ya sa daren Juma'a yake nufin ranar Alhamis da daddare. Amma da yawa daga cikin matasa idan suka ce daren Talata, Talata da daddare suke nufi. Saƙo guda idan ya bi ta bakin mutum uku, sai ya isa ƙauye da kwana guda na kuskure. Shawararmu ita ce kada jami'i ya taɓa cewa "daren kaza" kawai. Ya ce, "ranar Litinin da daddare, wayewar garin Talata," ya kuma haɗa da kwanan wata.

Abin da ke ƙara tsawon tafiya

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekara. Kamar yadda muka faɗa a baya, kaso mai yawa na hanyarmu ta can yake. Dole jirage suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙaru da kimanin awa biyu, wasu ma fiye. Babban jirgi samfurin Boeing 747 yana shan mai kimanin tan 10 a kowace awa, don haka ƙarin awa biyu ƙarin tan 20 ne a zuwa kaɗai. Wannan ne ya sa kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera a shekarar, aka yi ta tattaunawa tsakaninsu da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006. Kano ba ta gusa ba, Jidda ma haka, amma lokaci da kuɗi duk sun ƙaru. Saboda haka kada jami'i ya dogara da lissafin bara. A kowace shekara ya nemi sanin hanyar da za a bi daga Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha.

Yanayi kuma yana sauyawa tare da watan Zulhajji, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara ta Miladiyya. Daga 2005 zuwa 2008 aikin Hajji ya faɗo a watannin Disamba da Janairu, lokacin da hazon hunturu kan rufe sararin Kano har matuƙi ya kasa ganin titin sauka, a ɗage tashi ko a karkatar da jirgi wani filin. Daga 2023 zuwa 2025 kuwa a watan Yuni ya faɗo, abin da ake fama da shi shi ne hadarin farkon damina a nan da tsananin zafi a can. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, jirgi mai nauyi yana bukatar doguwar gudu kafin ya ɗaga a cikinta, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa a tsaurara kan nauyin kaya. Kilo goma na ƙari a hannun mutum guda ba komai ba ne a ido, amma a jirgi mai mutum 500 tan biyar ke nan.

Sai kuma yawan jama'a. A 2023 an ba Nijeriya kujeru 95,000. Ko da kowane jirgi zai ɗauki mutum 500, sawu 190 ke nan a zuwa, wani 190 a dawowa, kuma 'yan jirage ƙalilan ne ke kai-komo. Jirgin da zai ɗauki mutanen ƙaramar hukuma kaza yau, shi ne ya kai na wata jiha jiya. Idan ya makara awa uku a Jidda, makarar za ta biyo shi har Kano.

Mun san zaman jira a sansani yana da ɗaci, musamman ga tsofaffi. Duk da haka ba ma goyon bayan a riƙa tayar da jijiyar wuya idan aka ce an tsayar da jirgi domin dubawa ko gyara. A ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa filin, mutum 261 da ke ciki duka suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka tashi domin gudun makara.

Abin da maniyyaci zai yi tsammani

Awa huɗu da rabin nan ƙaramin yanki ne na tafiyar. Mutumin Doguwa ko Sumaila zai baro gida ya zo sansanin alhazai, a tantance takardunsa, a auna kayansa, a kai shi filin jirgi awanni kafin tashi. Bayan sauka akwai layin jami'an shige da fice da jiran kaya. Makka ba ta da filin jirgi. Daga filin Jidda zuwa Harami akwai kusan kilomita 100 a mota, zuwa Madina kuma kimanin kilomita 400. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yi kwana guda cur, ko fiye, tsakanin ƙofar gidansa da masaukinsa. Iyalai su san da wannan, kada shirun yini guda ya sa a fara kuka, domin sau da yawa alhaji bai riga ya sami layin wayar can ba ne.

Masu hawan jini da ciwon sukari su sa magungunansu a jakar hannu, kada su sa a babbar jaka, su kuma tambayi likitan alhazai yadda za su daidaita lokacin shan magani da sabon agogo. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, don haka a sha ruwa. Wasu dattawa sukan ƙi sha don gudun shiga ban-ɗaki, wannan kuwa kuskure ne, akwai ban-ɗaki kuma ma'aikata za su nuna yadda ake amfani da shi, sai dai ba a kwarara ruwa a daɓensa. A riƙa motsa ƙafafu, a ɗan miƙe idan an ba da izini. Toshewar kunne lokacin sauka ba ciwo ba ne, haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe shi. Idan jirgi ya yi girgiza a cikin gajimare, a ɗaura bel a zauna, abu ne da matuƙa suka saba da shi.

Game da masu zuwa tarye

A lokacin dawowa mukan ga iyalai sun yi hayar mota daga ƙauye, sun zo sun kwana biyu ko uku a bakin filin jirgi saboda wani ya ce an ce gobe ne. Kuɗin mota yana hawa, aikin gona yana jira, yara suna kwana a waje. Lissafin da muka yi a sama ya isa ya kawar da wannan wahala. Kada a baro gida don an ce an kwashi alhazai daga Makka zuwa Jidda, domin suna iya yin awanni masu yawa a can kafin su hau. A jira sai jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya tabbatar cewa jirgin ya tashi. Daga wannan lokaci akwai aƙalla awa huɗu kafin ya sauka, da wata awa ɗaya ko biyu kafin alhazai su fito da kayansu, kuma wannan ya ishi mai tasowa daga kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na jihar nan ya iso Kano cikin natsuwa. Idan labarin ya zo da tsakar dare, a bari gari ya waye, alhaji ba zai rasa wurin jira ba.

Jami'in da zai ba da wannan sanarwa ya tambayi wanda ya kira shi daga Jidda da agogon wace ƙasa yake magana. Idan na Saudiyya ne, ya cire awa biyu, sannan ya ƙara tsawon tafiyar wannan shekara. Jirgin da ya tashi ƙarfe 9 na safe agogon Jidda, ƙarfe 7 ne a wurinmu. Idan ta miƙaƙƙiyar hanya ya biyo, a sa ran saukarsa wajen 11:30 na safe, idan kuwa kewayawa ya yi, sai wajen 1:30 na rana.